Gasasshiyar kaza: ki kwaɓa ta da kindirmo tun da dare

'Yan uwa, in kina son kaza ta yi laushi a obin ba tare da kin sha wahalar suya ba, ki kwaɓa ta da kindirmo tun da dare.

Cinyoyi ki saya. Ki tsattsaga su da wuƙa, ki zuba kindirmo rabin kofi, gishiri, tafarnuwa, citta da ɗan yaji. Ki murtsuke sosai, ki rufe, sai firji.

Tsamin kindirmon ne ke sassauta naman a hankali, gishiri kuma ya ratsa har ƙashi. Lemon tsami ma yana yi, amma in ya kwana sai ya ɓata naman.

Washegari ki yanka dankalin Turawa da albasa, ki shimfiɗa a faranti, ki jera kazar a kai, fata tana sama. Man da ke ɗiga shi zai gasa dankalin, kin ga ba sai kin ɗora wata tukunya ba. Ki sa a obin, zafi 200°C, minti 40 zuwa 45. Ki soka wuƙa kusa da ƙashi, in ruwan ya fito fari tas, ta nuna.

Ki share kindirmon da ya yi yawa kafin gashi, in ba haka ba fatar ba za ta yi ja ba. Kada kuma ki cunkusa su.

Amma fa wannan na kazar gidan gona ne. Kazar Hausa tauri gare ta, sai kin ɗan tafasa ta tukuna. Ƙirji kuwa saurin bushewa yake, ki cire shi da wuri. In wutar lantarkinku ba ta zama, firji ba zai riƙe sanyi ba, kada ki kwanar da ita, awa ɗaya ta isa.