Yadda ake bambance "arrive in" da "arrive at" a rubutun Turanci

A cikin takardun ɗaliban da nake yi wa darasin yamma a Aboabo, nan Kumasi, waɗanda ke shirin jarrabawar kammala sakandare ta WASSCE, babu jimlar da ta fi sa ni ɗaukar jan biro kamar "we arrived to Accra". Daga Hausarmu matsalar take tasowa, domin yaro yana tuna "zuwa Accra" a ransa sai ya ɗora "to" a bayan aikatau, alhali kuwa "arrive" ba tafiya yake nunawa ba, saukar matafiyi yake nunawa bayan tafiyar ta ƙare.

Kafin ka rubuta komai, fara duba irin wurin da aka isa. Idan gari ne ko ƙasa, "in" za ka sa, kamar "we arrived in Accra" ko "she arrived in Ghana". Idan kuwa takamaiman wuri ne a cikin garin, kamar tasha, makaranta, masallaci ko asibiti, to "at" ne ya dace, kamar "they arrived at Kejetia", wato babbar kasuwar Kumasi.

Misalin da ya fi zama a kan ɗalibaina shi ne na ɗan kasuwar da ya taso daga unguwar Nima ta Accra zuwa Kumasi a motar dare. Da zarar motar ta wuce Ejisu ta shigo gari, ana iya cewa "he arrived in Kumasi", amma sai ya sauko da jakarsa a tasha, wataƙila bayan cunkoso ya riƙe su awa guda, sannan za a ce "he arrived at Asafo station".

Kalmomin "home", "here" da "there" ba sa son komai a gabansu, saboda haka "I arrived home late" ake cewa. Haka shi ma aikatau "reach" yake, wanda a ganina ya fi sauƙi ga Bahaushe, domin tsarinsa ɗaya ne da namu: yadda muke cewa "na isa Tamale", haka ake cewa "I reached Tamale", ba tare da "to" ko "at" ba. Wanda bakinsa ya saba da "to" sai ya koma ga "get", ya ce "I got to Tamale".

Idan kuma matsaya aka cimma a taro, ba wuri aka isa ba, "at" ake sawa: "the elders arrived at a decision".