Harajin shago a Ingila: kurakuran da 'yan uwa suke ta maimaitawa

Na gaji da jin magana ɗaya a bakin 'yan uwanmu da suka kama shago a Landan ko Manchester: "Ai kansil ba ta faɗa mini ba." Gaskiya ne wasiƙun kansil, wato ƙaramar hukuma, kan zo a makare, in ka buga waya kuma sai ka gaji da jira. Amma wannan ƙorafin ba ya rage maka ko sisi daga harajin wurin kasuwanci, wanda takardunsu ke kira business rates.

Kuskure na farko shi ne yin shiru. Mutum ya karɓi makulli, ya zuba kaya, takardar haraji ba ta zo ba, sai ya ɗauka ya tsira. A doka wanda yake amfani da shagon shi ke biya, ba mai ginin ba, kuma ranar da kansil ta gano ka za ta lissafo tun daga ranar shigarka. Abin takaici, da yawa da sun yi magana ba abin da za su biya. Idan ƙimar hayar shekara da hukuma ta yanka wa shagon ba ta wuce fam 12,000 ba, kuma shi kaɗai gare ka, rangwamen ƙananan 'yan kasuwa yana shafe harajin gaba ɗaya. Daga nan zuwa 15,000 ana rage wani abu. Ka nema da kanka, kada ka jira a kawo maka.

Na biyu shi ne wanda ya ci mini kuɗi, har yau in na tuna raina yana ɓaci. Da zan rufe shagona na buga waya na sanar, aka ce an ji. Ashe ba wanda ya rubuta. Takardun suka ci gaba da faɗawa ta ƙofar shagon da ba kowa: ta tuni mai wa'adin kwana 7, sai ta soke biyan wata-wata a nemi kuɗin shekara dunƙule, sai sammacin kotun majistare da kuɗin kotu a kai. Ban sani ba sai da masu karɓar bashi suka nemo ni. Sannan aka nuna mini cewa tunda yarjejeniyar hayata ba ta ƙare ba, shagon yana wuyana ko da babu komai a ciki. Wata 3 kawai ake ɗaga wa shagon da ba kowa, daga nan cikakken haraji ya dawo kan mai riƙe da hayar. Don Allah ku daina dogara da waya! Maganar da ba a rubuce take ba, a wurin kansil ba a yi ta ba. Ni yanzu ko waya na yi, a ranar nake bin ta da imel: lambar asusun harajina, abin da muka yi magana a kai, adireshin gidana, da kwafin yarjejeniyar haya ko takardar mai gini cewa ya karɓi makullinsa.

Sauran ƙanana ne. Kada ka je kana faɗa da kansil kan ƙimar shago, ba ita ta yanka ba, ofishin ƙiyasi ne na gwamnati, ita karɓa kawai take yi. In ka ƙalubalanci ƙimar, ci gaba da biya har a yanke hukunci. Takardar shekara takan zo a Fabrairu ko Maris, an raba biyan zuwa wata 10, ni kullum sai na ce a mayar mini 12. Masu kira suna alkawarin rage maka haraji in ka fara ba su kuɗi, kashe wayar.

Sammaci kuwa ba a sa shi a aljihu. In ka tabbata ba kai ya kamata ka biya ba, gaban majistare ne wurin faɗa, da takardunka a hannu. In kuma sakacin kansil ne ya jawo maka asara, shigar da ƙorafi a rubuce ta hanyar da ta tanada, in ba ta gyara ba ka kai wa hukumar sauraron koke kan ƙananan hukumomi, cikin wata 12 da sanin matsalar.