Kurakuran da ke korar ƙwararrun ma'aikatan jinya daga asibitocinmu

Hukumar da ke yi wa ma'aikatan jinya da ungozoma rajista a Najeriya ta ce sama da 15,000 suka bar ƙasar a 2023 kaɗai. Amma a nan Bauchi ba sai nas ta tafi Ingila ko Saudiyya ake rasa ta ba. Da zarar gurbi ya buɗe a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) ko asibitin tarayya na Azare, sai babban asibitin ƙaramar hukuma ya wayi gari babu gwanarsa. Albashi na da ruwa a ciki, ba musu, sai dai akwai laifukan da shugaban asibiti da metiron, wato shugabar ma'aikatan jinya, za su iya gyarawa ba tare da jiran kasafin kuɗi ba.

Wanda ya fi yi mini ciwo shi ne ɗaukar cewa nas nas ce, in wata ta tafi a ɗebo sababbi daga makaranta. Na taɓa kwana da ɗana a ɗakin yara, gudawa ta tsotse shi, an soka masa allura sau huɗu ba a sami jijiya ba. Wata sista mai furfura ta zo, ta riƙe ɗan hannunsa, ta shafa da babban yatsa, sau ɗaya ta sa, ruwa ya fara ɗiga. Ta ce mini, "Baban yaro, kwantar da hankalinka." Irin wannan hannun sai an shekara ashirin ana yi. A ba irinta aikin koyar da sababbi a hukumance, a rage mata dutin dare, a rubuta hakan cikin fayil ɗinta domin ƙarin girma.

Sai jadawalin aiki. Don ƙwararriyar nas ta iya, komai ita: dare bakwai a jere, ga sallah, ga haihuwa mai gardama, alhali 'yan lele na hutawa. A fitar da jadawalin wata tun kafin watan ya kama, a manna shi kowa ya gani, kuma hutun bayan dutin dare kada a taɓa shi.

Takardar ƙarin girma kuwa, in ba a ga canji a albashi ba, ɓacin rai take ƙarawa. Ofis ya bi mata sawu har kuɗin da take bi na baya su fito. Haka hutun karatu: wadda ke son ƙwarewa a tiyata ko jinyar jarirai a sake ta, da yarjejeniyar za ta dawo ta yi wasu shekaru.

A daina mai da tura nas ƙauye hukunci. In za a tura ta, a faɗa mata wa'adi, a ba ta ɗaki mai ruwa da fitila.

Ranar da ɗan'uwan majinyaci ya zage ta don babu magani ko safar hannu, metiron ta fito ta tsaya mata a gaban mutane, ba a kira ta ofis a ce ta yi haƙuri ba.