Yadda za ki taimaki ɗiyarki mai fama da ciwon mara lokacin al'ada

Da farko dai ki yarda da ita. Yarinyar da ta naɗe bisa tabarma tana dafe da mara, wani lokaci har da amai da gudawa, ba raki take yi ba. Mahaifa ce ke matsewa don fitar da jini, kuma wani sinadari da jiki ke saki, furostagilandin, shi ke ƙara wa matsewar ƙarfi. Ciwon kan taso ana gobe jinin zai zo ko ranar da ya zo, ya lafa cikin kwana 2 zuwa 3. In ɗiyar fari ce, kunya ta hana ku zancen kamar yadda aka saba a gidajenmu na Sakkwato, ki sa gwaggonta ko yayarta ta riƙa jin ta bakinta. Batun "in ta yi aure zai daina" kuwa a ajiye shi gefe. 'Yar shekara 14 ba za ta yi ta fashin makaranta duk wata tana jiran aure ba.

Sai ki sa ta riƙa yin alama a kalanda duk ranar da jinin ya zo. Wannan ne zai ba ku damar shan gaban ciwon, domin magani ya fi aiki tun bai kama jiki ba.

Ibuprofen ne ya fi dacewa, don yana rage wancan sinadarin. Daga shekara 12 zuwa sama ana shan miligiram 200 zuwa 400 duk awa 6 zuwa 8, bayan an ci abinci, kada a wuce 1,200 a rana sai da izinin likita. Mai olsa ko ciwon ƙoda kada ta sha, ta tsaya ga farasitamol. Mai asma ko sikila a fara tambayar likita. Kada a haɗa shi da diclofenac ko Felvin, danginsu ɗaya, haɗuwarsu na cin ciki. Haɗin da ake ƙullo wa mutane a leda daga kyamis, wanda ba ki san abin da ke ciki ba, ki guje shi, balle tiramadol. Jiƙon jar kanwa ma ban ba ki shawararsa ba, abu ne marar ma'auni.

Gashi na taimakawa sosai: ruwan ɗumi a gora, a naɗe da zane, a ɗora bisa mara kamar minti 20. A zafin Afrilu, da garin ke haura digiri 40, da wuya ta yarda da rana, sai ki bari sai dare ko asuba. Ta yawaita shan ruwa, saboda ibuprofen a jikin da ya bushe na wahalar da ƙoda. Shayin citta da ɗan tattaki a tsakar gida su ma suna rage wa wasu. In cikin Ramadan ne, da zarar jinin ya zo ai ba azumi a kanta, kada kunyar ƙannenta maza ta sa ta sha magani da yunwa.

Ki kai ta asibiti idan an yi wata 3 ana shan magani daidai ba sauƙi, ko jinin na wuce kwana 7, ko tana jiƙa audugar mata duk awa ɗaya ko biyu, ko akwai zazzaɓi, jiri da ruwa mai wari. Haka wadda ke ciwon mara duk wata amma ba ta taɓa ganin jini ba. A nan Sakkwato akwai likitocin mata a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha. Ku tafi da kalandar nan da kwalin duk maganin da ta sha, likita zai tambaya.