Kurakuran da sabon maharbi ke yi wajen zaɓen bindigarsa ta farko

Na gaji da ganin abu ɗaya kullum. Mutum ya sayo sabuwar bindiga yana ta ɗoki, kafin wata uku ya jingine ta a lungu, ko kuma ya shiga raunata dabbobi yana ɗora wa harsashi laifi.

Babban kuskuren shi ne sayen bindigar da ta fi ƙarfin kafaɗarka, kuma da shi ni ma na fara. Ta farkon da na riƙe mai cin harsashin .300 Winchester Magnum ce, don an ce mini babu dabbar da ke tsaya mata. Garin neman ƙiba na samo rama. Shurinta, wato bugun da take yi wa kafaɗa in an harba, ya ninka na mai cin harsashin .243 Winchester fiye da sau biyu, kuma tun ban ƙarar da kwalin harsashi na farko ba jikina ya koyi tsoronta. Kafin yatsa ya gama jan kunama na riga na runtse ido, na tura kafaɗa gaba, bakin bindiga ya sunkuya. Ban ma san ina yi ba. Sai ranar da na harbi barewa a tazarar da ba ta kai mita 100 ba, na same ta a ƙafar gaba maimakon ƙirji. Muka bi sawun jininta, ɗigo-ɗigo a kan busasshiyar ciyawa, har duhu ya rufe mu, ba mu gan ta ba. Har yau abin yana ci mini rai.

Wani dattijon maharbi ne ya gano ciwon. Ya ɗura mini bindigar a bayan idona, ya sa harsashin gwaji marar albarushi. Na ja kunama, ƙas, babu ƙara, amma bindigar ta zabura a hannuna. Ya ce, "Yaro, ka ga abin da ke ɓata maka saiti." Kusan shekara biyu na yi ina harba ƙaramar .22 LR kafin zaburar ta bar ni.

Don haka ka ji ni da kyau. In dabbar da kake nema ba ta wuce barewa ba, .243 ta ishe ka, tun 1955 take wannan aikin. In kana son ƙarin ƙarfi, ga 6.5 Creedmoor ko .308 Winchester, ka tsaya a nan. Inda harsashi ya shiga ne ke kayar da dabba. Kuma ka daina rububin bindiga marar nauyi don kawai tana da daɗin ratayawa, domin gwargwadon rashin nauyinta gwargwadon zafin shurinta.

Sai madubin saiti, wato na hangen nesa da ake ɗaurawa a kan bindiga. Haba, ta yaya za ka zuba duk kuɗinka a bindiga, sannan ka ɗora mata madubin da ba ya riƙe saiti? Harbi goma ya goce, kai kuma kana zargin hannunka. Ni ɗabi'ata, nakan rage kuɗin bindigar in ƙara wa madubi, kuma madubin 3-9x40 (mai ƙara girman abu sau 3 zuwa 9) mai inganci bai taɓa gaza mini ba. Ka bar tazarar inci 3 zuwa 4 tsakanin idonka da madubin. Na ga wanda ya manna ido, shuri ya turo ƙarfen ya tsaga masa gira, jini har gaban riga.

Kada ka sayi bindigar da ba ka ɗora a kafaɗa ba. Rufe ido, ɗaga ta, buɗe. In sai ka miƙa wuya kafin ka ga saiti, gindinta bai dace da kai ba. Ka gwada da irin rigar da za ka fita farauta da ita.

Sauran ƙanana ne, amma suna cizo. Harsashin da ke wuyar samu zai hana ka atisaye. Bindiga mai sakata, wadda ake ɗanawa da hannu bayan kowane harbi, ta fi sauƙin koyo da gogewa. Ƙarar harbi takan wuce desibel 140 a ma'aunin ƙarfin sauti, jin da ya tafi kuma ba ya dawowa, saboda haka toshe kunnenka. Lasisi da akwatin ajiya mai makulli su riga bindigar shiga gida, ka kuma binciki mafi ƙanƙantar harsashin da dokar ƙasarka ta yarda a harbi kowace dabba da shi.

In ka canza samfurin harsashi, ko da lambarsu ɗaya, koma kan takarda a mita 100 ka sake daidaita saiti kafin ka shiga daji.