Yadda Ake Gane Hanyar Barbarar Fure A Tsaunin Mambila

A filayen ciyawa na Mambila, jihar Taraba, inda tudu ya kai kimanin mita 1,600, wasu tsirrai ba sa yin iri sai zuma ko tsuntsun sha-kauci ya kawo musu garin wani fure, wato ƙurar da sassan namijin fure ke fitarwa, wasu kuwa da nasu garin suke wadatuwa. Kallo kaɗai ba ya raba su, sai an gwada.

Kayan aikin kaɗan ne: jakunkuna na yadin gidan sauro mai ƙananan ido, hantsaki, zare kala biyar, sifirit, da littafi. Kada a yi amfani da leda. Hazon safiya da raɓar tsaunin kan taru a cikinta, furen ya ruɓe kafin ya buɗe.

A zaɓi tsiro aƙalla 15 na nau'i ɗaya. A kowanne a ware furanni biyar tun suna toho, a ɗaura wa kowane zarensa. Na farko a bar shi a sarari. Na biyu a rufe shi da jaka, kada a sake taɓa shi. Na uku a rufe, in ya buɗe a shafa masa garin kansa. Na huɗu a cire masa sassan namiji da hantsaki kafin su fashe, a rufe, sannan a shafa masa garin wani tsiro na nau'insa. Na biyar a cire namijin, a rufe, a ƙyale shi. In ya yi iri a haka, to ba ya bukatar barbara sam.

Wurin na huɗun ne aka fi yin kuskure. Tsirrai da yawa a nan suna yaɗuwa ta saiwa a ƙarƙashin ƙasa, wanda kake gani maƙwabci sai ya zama tsiro ɗaya ne da naka. Saboda haka a ɗebo garin daga nisan mita 10 ko fiye. A jira rana ta busar da raɓa, don jiƙaƙƙen gari dunƙulewa yake yi. A goge hantsaki da sifirit tsakanin fure da fure, a bari ya bushe. A ƙulle bakin jaka sosai, tururuwa ba ta raina ƙofa.

Shanu da gobarar rani su ne manyan abokan gaba. A yi magana da makiyayan wurin tun farko, a kewaye fili, a yi masa shara.

Idan 'ya'ya sun nuna, a ƙirga su, a fasa a ƙirga cikakken iri, don wani ɗan kumburi ne kawai ba komai ciki. A yi lissafin rabawa, sakamakon na uku bisa na huɗu: amsa ƙasa da 0.2 na nufin tsiron ba ya karɓar garin kansa. In kuma na huɗu ya zarce na farko da nisa, masu kawo garin ne suka yi ƙaranci a wannan fili.