Yadda za ki gane mai safarar 'yan mata tun kafin ta tafi da 'yarki

Dan Allah iyaye mata mu farka, mai safarar nan ba da fuskar mugunta take shigowa ba. Hajiya ce fes da ita, leshi da haƙorin Makka, wataƙila ma 'yar unguwarku ce ko ƙawar yayarki, ta zauna kan tabarma ta sha ruwa ta ce ta samo wa yarinya aikatau a Saudiyya ko Libiya, fasfo da kuɗin mota duk ita za ta biya, ke dai ki sa albarka. To wannan "ni zan biya" ɗin shi ne tarkon, don da an wuce Zinder an kai Agadez an keta sahara zuwa Sabha ta Libiya sai kuɗin ya koma bashi, a karɓe fasfo da waya, a kai ta gidan magajiya a ce da jikinta za ta biya.

Ki tsare ta da tambaya. Wane gari, gidan wa, kawo lambarsu in kira da kaina. In ta fara kame-kame, ko ta ce kar a faɗa wa baban yarinya sai ta isa, ko wai motar gobe da asuba za ta tashi, rufe maganar nan take. In kuma kika ga an ƙara wa yarinyar shekaru a takarda, 'yar sha biyar ta zama ashirin da biyu, magana ta ƙare. Wayarta ma ki sa ido, saurayin Facebook ko TikTok da bai taɓa zuwa gaisuwa ba amma yana turo kati da kuɗin mota, abin tsoro ne wallahi.

In ta riga ta tafi, kar kunyar surutun unguwa ta sa ku yi shiru, kuma kar ku fara zuwa wajen Hajiyar da faɗa, za ta sauya layi ta ɓace. Ku adana hoton yarinyar, lambobin da aka kira ku da su, saƙon muryar WhatsApp kar a goge ko ɗaya, ku kai ofishin NAPTIP, hukumar da aka kafa tun 2003 don yaƙi da safarar mutane, suna da ofis a Kano da Sakkwato, ko ku kira 627.

Ranar da Allah ya dawo da ita asibiti za a fara kai ta a duba lafiyarta, kuma a ja kunnen kowa a gidan, har kishiya da 'yan uba, ban da gori.